KoboToolbox a gidan shari'a: sharhi ga mai son auna abin da ke karkata hukuncin alƙali

A ƙofar gidan shari'a na Tawa a Jamhuriyar Nijar, in an tashi daga zaman waɗanda aka kama dumu-dumu, hirar da dangi ke yi a inuwa ba ta cika canzawa ba. Wane ya saci tunkiya ya samu wata shida, wane ya saci irinta ya samu shekara biyu, alhali kundin doka ɗaya aka buɗe musu. Wani ya ce rabo ne, wani ya ce na farkon yana da uwa a gindin murhu, wani kuma ya ce ai sai bayan azahar aka kira na biyun, lokacin zuzu ya riga ya gaji. Duk wannan zato ne, zato kuwa zunubi ko da ya zama gaskiya. Ɗalibin shari'a na Jami'ar Djibo Hamani ko ɗan ƙungiyar kare haƙƙi da ke son wuce zato, dole ya zauna a zauren wata da watanni yana rubuta abin da ya gani, shari'a bayan shari'a, a tsari ɗaya da ba ya sauyawa. Ɗaya daga cikin kayan aikin da aka fi kamawa don irin wannan tattara bayani a ƙasarmu shi ne KoboToolbox, shi ya sa ya cancanci a duba shi da idon wannan aiki musamman.

Phuong Pham da Patrick Vinck suka fara shi a 2005, ya girma a cibiyar ayyukan jinƙai ta Jami'ar Harvard a Amurka, yanzu kuma wata ƙungiya marar neman riba ke riƙe da shi. Kashi uku ne. Akwai shafin intanet inda ake gina takardar tambayoyi a kuma ajiye amsoshi. Akwai KoboCollect, manhajar da ake sawa a salula mai Android, wadda ke aiki ko babu rezo, ta riƙe abin da aka cike har a samu hanyar turawa. Sai takardar da ake buɗewa a burauza, ga mai iPhone ko kwamfuta. A tsarin kyauta da suka fitar a 2023, ana iya tura amsoshi 5,000 a wata, da wurin ajiya giga 1. Binciken kotu ɗaya ko biyu ba zai kai ko kusa da wannan iyaka ba, muddin ba hotuna ake lodawa ba. Ta fuskar kuɗi dai babu abin kuka: salula, ɗan kuɗin intanet na turawa da yamma, da batirin ajiya mai ƙarfin 10,000 mAh saboda ɗaukewar kuran.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne salular ba za ta yi aiki a cikin zaure ba, ko da manhajar tana iyawa. Zaman kotu a buɗe yake ga jama'a in ban da na yara da wanda aka rufe da umarni, amma shugaban zama shi ke da iko da tsarin ɗakin, kuma mutumin da ya duƙufa yana danna waya awa huɗu zai ja ido, a ɗauka ɗaukar murya yake. A fara da wasiƙa zuwa ga shugaban kotu da mai gabatar da ƙara na gwamnati, a bayyana abin da za a rubuta da abin da ba za a rubuta ba. Sannan a shiga da takarda da biro: A4 a kwance, layi 12, kowane layi mutum ɗaya. Da yamma a juye a salula. KoboCollect yana da wani zaɓi da ke ɗaukar murya a ɓoye yayin da ake cike takarda, an yi shi ne don duba aikin masu tambaya a ƙauyuka. Kada a kuskura a sa shi a takardar kotu.

Wannan juyewa ta yamma tana haifar da kuskuren da ya fi kama sababbin hannu. Manhajar da kanta tana rubuta lokacin da aka buɗe takarda da lokacin da aka rufe, a ginshiƙai biyu masu suna "start" da "end". Mutum sai ya ga sa'o'i a teburinsa ya ɗauka lokacin shari'a ne, alhali lokacin da yake zaune a gida yana juyewa ne. Lokacin shari'a tambaya ce da za a sa da hannu. Kuma ko nan akwai gyara: nau'in tambayar lokaci na manhajar yana fitowa da wutsiya, kamar 10:35:00.000+01:00, Excel kuma ya ɗauke shi rubutu, ba ya lissafi da shi sai an sha wahalar yankewa. Ya fi sauƙi a yi tambaya biyu ta lamba, awa da minti, a ɗaure awa tsakanin 7 da 20, minti tsakanin 0 da 59 a ginshiƙin "constraint", wurin da ake sa wa amsa iyaka in ana gina takarda, sannan a sa manhajar ta haɗa su zuwa mintocin da suka wuce tun buɗe zama.

Dalilin nacewa kan lokaci shi ne binciken da ya fi kowanne suna a wannan fage. A 2011 Shai Danziger, Jonathan Levav da Liora Avnaim-Pesso suka duba hukunci 1,112 na alƙalai 8 masu sauraron roƙon sakin fursunoni kafin cikar wa'adi a Isra'ila. Suka ga a farkon zama kusan kashi 65 cikin ɗari na roƙon ana amsawa, adadin ya riƙa sauka har ya kusa sifiri gab da hutun cin abinci, bayan hutu ya koma wajen 65. Duniya ta ɗauka cewa yunwa ke yanke hukunci. A shekarar nan Keren Weinshall-Margel da John Shapard suka nuna cewa ba da ka ake jera shari'o'in ba: ana gama fursunonin gidan kaso ɗaya kafin a tafi hutu, kuma waɗanda ba su da lauya su ake kira a ƙarshe, su ne kuwa dama aka fi ƙi wa roƙo. A 2016 Andreas Glöckner ya ƙara da cewa amsa roƙo ya fi ƙin sa cin lokaci, don haka alƙalin da ya ga hutu ya matso ba zai ɗauko doguwar shari'a ba, wannan kaɗai yana iya zana irin wancan layi mai gangarowa ko da cikinsa a cike yake.

Wannan gardama ita ce ma'aunin da za a gwada kowace takardar Kobo da shi. A kotunanmu jerin kira yana da nasa dalilai. Lauyoyin ƙasar mafi yawansu a Yamai suke zaune. Wanda ya yi tafiyar sama da kilomita 500 zuwa Tawa yakan roƙi a kira fayil ɗinsa da wuri, kuma kotu takan girmama wannan. Waɗanda aka kawo daga gidan kaso suna jiran mota da masu gadi, waɗanda suka zo daga gida suna jiran a kira suna. Shari'ar da za a ɗage a minti biyu takan wuce gaba. In aka auna lokaci kawai, za a samu cewa safiya ta fi sauƙin hukunci, a ɗora wa gajiyar alƙali, alhali lauya ne ya zo da safe. Don haka kowane layi sai ya ɗauki lamba biyu: matsayin fayil a jerin da magatakarda ya rubuta, da matsayin da aka kira shi a zahiri. Sai tambaya ta uku in lambobin sun saɓa: wa ya nemi a sauya? A nan manhajar ta yi kyau ƙwarai. Ginshiƙin "relevant" yana ɓoye tambayar sai in lambobin biyu sun bambanta, kuma in an sa ta dole, mai juyewa ba zai iya tsallake ta ba ko ya gaji.

Gina takardar a shafin Kobo da danne-danne yana da daɗi ga tambaya goma. Da ta kai talatin, gara a koma Excel a rubuta ta a tsarin XLSForm, mai shafi uku: "survey" na tambayoyi, "choices" na zaɓuɓɓuka, "settings" na saituna. Tsarin da ya dace shi ne takarda ɗaya ga zama ɗaya. A sama a sa abin da ya shafi zaman duka: rana, kotu, lambar sirri ta alƙali, ko shi kaɗai ne ko su uku, lokacin buɗewa, lokacin kowane hutu, yawan fayilolin ranar. A ƙasa a sa rukuni mai maimaituwa, kowane zagaye mutum ɗaya. In mutum uku ne a fayil ɗaya, zagaye uku ne da lambar fayil ɗaya, domin hukuncinsu yakan bambanta. Abin lura wajen saukar da bayanai: fayil ɗin CSV ba ya fitowa da abin da ke cikin rukuni mai maimaituwa. Sai an zaɓi XLS, inda rukunin ke zuwa a shafi na dabam, a haɗa shi da uwarsa ta ginshiƙan "_index" da "_parent_index". Wanda bai san wannan ba zai buɗe fayil ya ga zama 40 babu ko mutum ɗaya a ciki, hankalinsa ya tashi a banza.

Hausa tana zama lafiya a fuskar tambayoyi. Ana iya sa ginshiƙin Hausa da na Faransanci gefe da gefe, mai cikewa ya sauya harshe a salula, kuma ɓ, ɗ, ƙ da ƴ suna fitowa daidai. Amma sunayen ginshiƙai da na zaɓuɓɓuka a bar su da baƙaƙe marasa lanƙwasa, babu tazara, domin manhajojin lissafi sukan yi tuntuɓe da su.

Hukuncin kansa ba tambaya ɗaya ba ce. A raba: an sallame shi, an same shi da laifi, an ɗage, ko an ajiye hukunci zuwa wata rana. In ɗauri ne, wata nawa na zama a kaso, wata nawa na jingine, kowanne a gidansa, duka a watanni, kada wani ya rubuta 2 yana nufin shekara wani ya rubuta 2 yana nufin wata. Tara kuma a rubuta ta a faran kamar yadda alƙali ya faɗa da Faransanci. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu, domin da dala muke ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa faran biyar ne. Tafinta zai juya ga wanda ake tuhuma ya ce masa dubu goma, mai rubutu da kunnensa ke kan Hausar ya sa 10,000, alhali alƙali 50,000 ya ce. Manhajar ba za ta gane ba, lamba ce ta karɓa. Maganinsa a sa gargaɗi a ƙarƙashin tambayar, a kuma sa ta nuna adadin a jika, wato faran dubu-dubu, don a tabbatar: ka rubuta jika 50, haka ne?

Ajiye hukunci zuwa wata rana shi ne wurin da Kobo ya fi ba da wahala. Shari'ar da aka saurara ranar Talata da ƙarfe ɗaya cikin zafi, aka karanta hukuncinta bayan mako biyu da safe, ba a san sa'ar da aka yanke ta ba, wataƙila a ofis ne ko a gida. Irin wannan ba ta shiga lissafin sa'a ko zafin ɗaki, dole a ware ta. Kuma dole a bi ta a samo ƙarshenta. Manhajar an gina ta ne don tambaya ta sau ɗaya, ba don bin fayil daga zama zuwa zama ba. Akwai hanyar haɗa takarda biyu ta yadda ta biyu za ta jawo bayani daga ta farko, tana aiki, amma sai kowace salula ta samu rezo ta sabunta kafin zama, kuma harafi ɗaya da aka kuskure a lambar fayil ya raba su. Ga ƙaramar tawaga, littafi ɗaya mai bango da ake rubuta lambobin fayilolin da ke jiran hukunci ya fi aminci.

Akwai tambayoyi biyu da ake yawan mantawa, kuma in babu su sauran aikin ya raunana. Ta farko, abin da mai gabatar da ƙara ya nema. A Jamus a 2006 Birte Englich, Thomas Mussweiler da Fritz Strack suka ba masana shari'a labarin wata mai satar kaya a shago, suka sa su jefa ƴaƴan caca da aka shirya su ba da 3 ko 9, a ɗauki lambar a matsayin watannin da mai ƙara ya nema. Waɗanda suka samu 3 sun yanke wajen wata 5, masu 9 wajen wata 8, duk da da hannunsu suka jefa. Lambar da aka fara ji tana jan hukunci. A zaure na gaske mai ƙara yana neman da yawa ne saboda laifin ya yi nauyi, don haka sai an rubuta nauyin laifin ma: sashen doka, ƙimar abin da aka sata, ko da makami, ko da dare, ko ya taɓa shiga kaso. Ta biyu, ranar da aka fara tsare shi. Mutumin da ya riga ya yi wata takwas yana jiran shari'a aka yanke masa wata takwas, wannan lambar tsarewa ce ta haife ta, ba yanayin alƙali na ranar ba.

Zafi abin aunawa ne a Tawa, inda Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40. Anthony Heyes da Soodeh Saberian sun ruwaito a 2019 cewa a ranakun zafi alƙalan shige da fice na Amurka sun fi ƙin ba da mafaka, daga baya Holger Spamann ya sake lissafin da bayanai masu faɗi ya samu tasirin ya ragu ƙwarai. Su zafin waje suka yi amfani da shi, alƙalan kuma cikin sanyin na'ura suke. A nan ana iya yin abin da ya fi nasu: ƙaramin ma'aunin zafi a kan benci, a karanta shi duk awa, a rubuta ko fanka na juyawa ko kuran ya tafi. Azumi ma haka. Sultan Mehmood, Avner Seror da Daniel Chen sun wallafa a 2023 cewa a Pakistan da Indiya alƙalai Musulmi sun fi sallamar mutane a Ramadan, kuma hukunce-hukuncen ba su fi sauran rushewa a ɗaukaka ƙara ba. Wato yunwar da aka ce tana tsananta hukunci a Isra'ila, ga ta a waɗannan ƙasashe ta zo da sassauci. Sun dogara ne da bambancin tsawon yini daga shekara zuwa shekara, mu kuwa yininmu tsakanin awa 11 da 13 yake yawo, don haka dabararsu ba za ta yi ƙarfi a nan ba. A sa tambayar Ramadan dai, amma a tuna lokutan aiki da yawan fayiloli ma suna sauyawa a watan.

Maganar ƙabila tana buƙatar taka-tsantsan. A Kenya, Danny Choi, Andrew Harris da Fiona Shen-Bayh sun duba ɗaukaka ƙara kusan 10,000 na laifuka, suka samu cewa wanda ya faɗa hannun alƙali ɗan ƙabilarsa ya ɗan fi samun nasara. Can suna yana nuna ƙabila. A nan Abdullahi ko Fatima na kowa ne, kuma mai rubutu da ke hasashe daga fuska ko rawani son ransa yake aunawa. Abin da ido da kunne za su iya shaida shi ne harshen da mutum ya yi magana da shi, Hausa, Tamajak, Fulatanci, Zabarmanci, Larabci ko Faransanci, da ko an yi tafinta, da ko alƙali ya yi masa magana kai tsaye da harshensa, da minti nawa aka bar shi ya yi bayani. Duk tambayar da ke neman ra'ayi, irin su ya nuna ladabi ko ya yi tsabta, a sa mutum biyu su rubuta zama ɗaya cikin kowane goma ba tare da sun duba na juna ba. In ba su dace ba, a cire tambayar.

Sirri shi ne inda ba a yarda da sakaci ba. Ma'ajiyar Kobo ba a Nijar take ba, ɗaya a Amurka, ɗaya a Tarayyar Turai, ana zaɓa lokacin buɗe asusu. Ƙasarmu tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017 aka kuma kafa hukumar HAPDP don kula da ita, kuma bayanin laifi yana cikin mafi nauyi. Kada sunan wanda ake tuhuma, ko na alƙali, ko ainihin lambar fayil su hau intanet. A ba kowa lambar ƙirƙira, makullin ya zauna a takarda cikin akwati mai kwaɗo. Faransa, wadda tsarin kotunanmu ya samo asali daga nata, ta haramta tun dokar 23 ga Maris 2019 a yi amfani da sunayen alƙalai don auna ko kwatanta ayyukansu, da hukuncin da zai iya kai ɗaurin shekara 5. Dokarsu ce ba tamu ba, amma tana nuna yadda abin ke da zafi, kuma a kotun da alƙalanta ba su da yawa ko lambar sirri ba ta ɓoye kowa. Sakamako a fitar da shi a dunƙule. Manhajar tana ba da damar a bar kowane mai rubutu ya tura kawai ba tare da ya ga na wasu ba, a yi amfani da wannan. Tana kuma iya kulle amsoshi da makulli tun daga salula, sai dai in an yi haka shafin ba zai nuna komai ba, sai an sauke an buɗe da wata manhaja mai suna ODK Briefcase a kwamfuta, kuma in makullin ya ɓata bayanan sun tafi har abada.

Shafin rahoto na Kobo ƙirga ne da zane-zane: nawa aka sallama, matsakaicin watanni, rabewa bisa tambaya ɗaya. Yana da amfani don gano kuskure a makon farko. Haɗarinsa shi ne yana da kyan gani, mutum ya ga ginshiƙin safe ya fi na rana tsawo ya ɗauka ya gano wani abu. Ba ya iya riƙe nauyin laifi, lauya da tsarewa wuri ɗaya ya duba abin da ya rage wa sa'a. Wannan aikin manhajojin lissafi ne, irin su R, ko Stata, ko jamovi ga wanda ba ya son rubuta umarni. Yawa ma yana da ƙa'ida: don a iya gane bambanci tsakanin kashi 50 da kashi 60 bisa ma'aunin da aka saba, ana buƙatar wajen shari'a 390 a kowane ɓangare, kusan 780 ke nan, kuma da yake hukuncin alƙali ɗaya yana kama da juna, adadin gaskiya ya fi haka. Mai rubuta kundin kammala karatu da shari'a 80 ya bayyana abin da ya gani, kada ya ce ya gano dalili. Haɗa Tawa da Ƙonni yana ƙara yawan alƙalai da fayiloli, kuma takarda ɗaya za ta yi wa duka biyun.

Abin da mutanen ƙofar kotu suka fi zargi, wato wayar da aka buga da dare, ɗan'uwan da ya sa baki, tsoron a tura mutum aiki wani gari mai nisa, babu ginshiƙin da zai kama shi, domin ba a zaure yake faruwa ba. Wannan sai doguwar hira da zama da mutane, irin aikin da cibiyar binciken zamantakewa ta LASDEL da ke Yamai ta saba, kuma Mahaman Tidjani Alou ya yi rubutu a kan shari'ar Nijar ta wannan hanya tun 2001. Lambobin Kobo suna nuna inda za a je a yi tambaya: nau'in laifin da hukuncinsa ya fi warwatsuwa, ko fayilolin da ake ta ɗagewa babu dalili a bayyane.

Kafin a fara ƙirga na gaske, a yi zama huɗu ko biyar na gwaji a zubar da sakamakonsu. A nan ne za a gano laifukan da ba a sa a jeri ba, alƙali ma ya saba da ganin baƙuwar fuska a benci na uku. Duk gyaran sunayen zaɓuɓɓuka a gama shi a wannan lokaci. In aka sauya suna bayan an fara, tsofaffin amsoshi suna riƙe da tsohon suna, sababbi da sabo, salular da ba ta sauke sabon zubi ba kuma ta ci gaba da tura na da, sai a wayi gari laifi ɗaya yana da suna biyu a tebur.